Kazar Ɗorin Inna

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba aka aiko mana Jega cewa uwar maigidana ta karye. Inna muke ce mata. Maigida yana Aliero wurin sarin albasa, don haka ni na fara isa ƙauyensu, Giwa Tazo, da goyo a bayana.

Na tambayi ƙanwarsa, wadda ke zaune da ita, daga ina tsohuwar ta faɗo.

Ta ce, "Ba ta hwaɗo daga ko'ina ba. Shiƙar gero takai, taj juya ta ɗauki ƙwarya, sai munka ji ƙas! Sannan taz zube."

Na yi salati. Ƙashin cinyar mutum ya karye yana tsaye a kan ƙafafunsa? Na san Inna ta ranƙwafa, har zanenta ya fara jan ƙasa, amma duk mun ɗauka tsufa ne kawai.

Aka ɗauko mai ɗori daga Sarandosa. Ya shafa wurin, ya tofa addu'a, ya ɗaure da kara da tsumma. Sai ya ce a kamo kaza. A gabana ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗaure ta. Ya ce ranar da kazar ta taka, ɗorin Inna ya kama, kafin nan kada a kuskura a ɗaga ta daga ɗakin.

Tun daga ranar hankalin gidan ya koma kan kazar. Duk wanda ya zo dubiya sai ya fara leƙa akurki. Inna kanta ta lura. Ta ce wa wata maƙwabciya, "Kin gaida mai jinya can waje? To ni mi kika nema gare ni?" Aka yi dariya. Ita ma ta fara, sai tari ya tare ta, ta daɗe tana neman numfashi.

Ni ke yi mata alwala. A nan na ga ƙafar da ba ta karye ba ita ma ta kumbura. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Ba ta iya kwanciya sosai sai an tara mata matasai a baya, Fatiha ma sai ta huta a tsakiya. Na faɗa wa maigida da ya zo. Ya ce zaman wuri ɗaya ne, mu jira kazar.

Wata rana da hantsi kazar ta fito tana ɗingishi, ta bi 'yan'uwanta tsintar tsaba. Mata suka rangaɗa guɗa. Na shiga da gudu in yi wa Inna albishir, na tarar da ita dafe da ƙirji, leɓunanta sun yi baƙi, gumi ya jiƙa kallabinta. Ta ce, "Ɗiyata, an aza min turmi nan."

Ihun da na yi ne ya katse guɗar. Ba wanda ya ƙara maganar dokar mai ɗori. A motar albasa muka kai ta asibiti a Jega.

Likitan bai ko kwance ɗorin ba. Ƙirjinta ya saurara, ya daɗe. Da muka fita waje maigida ya ce, "Likita, ƙafa ce fa muka kawo."

Ya ce, "Na gani, Malam. Amma zuciyarta ta daɗe da gajiya, ruwa ya taru mata a huhu." Ya ce a tsofaffi, musamman matan da suka daina al'ada, sau da yawa ciwon biyu tare suke tafiya: ƙashi yana zaizayewa ta ciki, jijiyoyin jini kuma suna ƙandarewa. Tsohuwar da ƙashinta ya karye ba wani dalili, ya kamata a duba zuciyarta ma.

A makarantar sakandare an zana mana zuciya a shafi ɗaya, ƙasusuwa a wani shafin daban. Ban taɓa jin suna da haɗi ba.

An yi allurai, an yi ƙoƙari. Ranar Juma'a, ana kiran sallah, Allah Ya karɓi abarSa.

Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Da na sa hannu zan juya ta, na tattara ƙarfina kamar yadda ake yi wa babban mutum, sai ta taso gaba ɗaya a hannuna, ba nauyi, kamar yarinya. Matar da ta haifi ƙattin maza, ta yi noma, ta yi daka! Na kasa ci gaba, sai wata dattijuwa ta karɓe ni, ta ce in je waje in zauna.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara gare ta.