Ɗakin Wajdi

Ammi Las'ad, wato Kawu Las'ad, maƙwabcina ne a garin Zarzis da ke bakin teku, katanga ɗaya ta raba mu. Da ya ajiye aikin gyaran wayoyin tarho, sai ya tattaro wata tsohuwar kwamfuta da aka yar, ya girka ta a garejinsa tsakanin tulunan man zaitun, ya ce zai koyar da yaran unguwa. Ni dai dariya na yi. Mutumin da ko shayi bai iya dafawa ba!

Linuks ya sa mata, wai don shi ne tsarin da ba a kulle cikinsa, kowa na iya leƙawa ya ga yadda yake aiki. Ranar Lahadi yara 'yan shekara goma zuwa sha biyu suke cika garejin, har da 'yata Shaima. Ba ya hana su taɓa komai. In yaro ya lalata abu, sai ya ce, "Madalla, ɗan banza! To, gyara." Kowane yaro kuma yana buɗe masa wurinsa a cikin kwamfutar, da sunansa da mabuɗinsa na sirri. Ɗaki yake kiran wurin.

Ɗakin farko na ɗansa Wajdi ne. Wajdi ya girma, ya nemi aiki har ya gaji, wata bazara ya shiga kwalekwale da abokansa suka nufi Italiya. Tun daga nan ba waya, ba gawa. Na yi goyon yaron nan, kuma har yau in na ga saurayi mai tafiyarsa a bakin teku sai na tsaya na bi shi da kallo.

Bara kwamfutar ta cika maƙil. Na kawo musu burodi da harisa, wato yajin barkono, na tarar da wata sabuwar yarinya, Ilef, tana tsaye tana jiran nata ɗakin, ga shi babu wuri. Shaima, mai baki irin nawa, ta buga umarnin da ke nuna girman kowane ɗaki.

"Ammi, ga wani Wajdi nan ya cinye rabin gidan, kuma ba ya zuwa. A share shi mana!"

Na harare ta, amma magana ta riga ta fita. Ammi Las'ad ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya jawo Ilef kusa.

"Zo, 'yata, yau za ki koyi sharewa. Ki karanta da kyau kafin ki danna, kwamfuta ba ta tambaya sau biyu."

Sunansa shi kansa ya sa ta rubuta, ba na Wajdi ba. Nasa ɗakin ta share, da darussan da ya tara da hotunan marigayiyar matarsa, ya buɗe mata nata a gurbin.

Da yara suka watse na tsaya, raina a ɓace.

"Haba Ammi Las'ad, ai kai ne mai babban mabuɗi. Ka buɗe na Wajdi ka kwashe abin da ke ciki mana. Wataƙila akwai hotunansa, wataƙila har muryarsa."

"Na sani, Najiba. Kullum sai na zauna a gabansa."

"To me ya hana ka?"

Ya ja zane ya lulluɓe kwamfutar saboda ƙura.

"Ban taɓa shiga ɗakin yaro ba da izininsa ba. In ya dawo ya tarar na shiga, me zan ce masa?"