Daniyel Mai Tele, Wanda Ya Maido wa Latifa Hannuwa

Kafin 'yan kabu-kabu su cika bakin kasuwar Tawa da hayaniya, Daniyel ya riga ya buɗe rumfarsa. Yakan yayyafa ruwa a ƙofa, ya share, ya shimfiɗa tsohon bargo bisa tebur don kada fuskar telen wani ta karce. Daga nan sai ya tsallaka wurin Azumi mai ƙosai su yi faɗansu na kullum. Ita ta ce shi ke lalata telen mutane da hannunsa don su dawo. Shi ya ce ƙosanta ya fi noti tauri. Ya dawo yana tauna yana dariya, ya ɗaure jakar aiki a bayan babur, ya bi gidajen da aka kira shi.

Sama da shekara ashirin ke nan muna ganinsa haka. Daga kudu ya zo da matarsa Salama, yana saurayin magidanci, ya zauna cikinmu har gemunsa ya yi fari. Ranar Lahadi kowa ya san yana coci, ba a nemansa. Sauran ranaku kuwa har Kalfu da Affala yakan kai, ya ɗaura parabol, farantin nan mai kamo tashoshi, ya dawo jikinsa duk jar ƙasa. Matan unguwa sun shaide shi da abu ɗaya: ba ya hawa soron kowa sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya, "Za a hau! Masu gida, za a hau!" Sai ya jira har maƙwabta su kimtsa, sannan ya taka tsani, idonsa a kan aikinsa.

Bana gwiwoyi sun ce ya isa. Likita ya hana shi hawa, zai koma zaman rumfa. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa yanzu, yana ji da kunnensa.

Daniyel yana da wata ɗabi'a da ke ba masu gaggawa haushi. Idan an kira shi gyara, ba ya taɓa telekoman, abin nan na danna tele daga nesa, sai ya ce kowa a gidan ya zauna inda ya saba zama, ya tambayi abin da kowa ke kallo. Wasu su ce surutu ne. Muktari, mai sayar da hatsi a unguwarmu, yana cikin masu faɗin haka, har ranar da abin ya zo gidansa.

Muktari yana da ɗiya, Latifa, mai shekara goma sha wani abu. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Tana makarantar kurame, a can ta koyi maganar hannu sosai. A gida kuwa sai nuni irin na ci, sha, zo, tafi, domin iyakar abin da iyayenta suka iya ke nan. Muktari mutum ne mai yawan fargaba a kanta. Idan ta yi tari, ya tashi tsaye. Idan ta yi shiru, ya shiga tunanin abin da ya yi mata.

A hutun damina ne tsohuwar telensu ta mutu, ya sayo sabuwa mai faɗi. Ya haɗa ta da dekodar da ke gidan da wayar nan mai kai uku, ya kunna. Hoto ya fito, amma a tsakiya kawai. Dama da hagu wasu layuka biyu masu faɗi, ruwan toka, suka tsaya kamar ginshiƙai. Maƙwabta suka zo ganin sabuwar tele, wani ya ce an sayar masa da rabi. Muktari ya ji kunya. Abokinsa Sabo ya karɓi telekoman, ya danna nan ya danna can, sai hoto ya kumbura ya cika fuskar telen. Aka tafa. Sabo ya nuna masa maɓallin, ya ce duk sanda aka ɗauke wuta toka za ta dawo, sai ya danna ta gudu.

Tun daga ranar Latifa ta canza. Ita da ba ta wuce labaran yamma, sai ta zauna kaɗan ta tashi. Ta ja rigar babanta, ta nuna tele, ta sa gefen tafinta tana yanka wuyan hannunta, dama da hagu. Muktari ya duba hannuwan, bai ga kumburi ba, amma hankalinsa ya tashi. Mahaifiyarta Hafsatu ta shafa mata man kaɗe. Da abin ya ci gaba ya kai ta asibiti, aka ce lafiyarta lau. Wata rana ya same ta da telekoman a hannu, ta dawo da tokar da kanta. Ya ɗauka wasa take yi da kayan tsada, ya karɓe, ya ɗora bisa kabad. Daga nan ta daina shiga ɗakin. Ta daina jan rigarsa ma. Wannan ne ya fi cin ransa: ɗiyarsa na janyewa daga gare shi a gaban idonsa, bai san dalili ba.

Bai haɗa damuwar da tele ba ko kaɗan. Ya kira Daniyel ne don ya gaji da danna maɓalli.

"Daniyel, tokar ga nike so ka kashe min har abada," in ji Muktari.

"Kai ko, Muktari! Wuta ake kashewa, toka kwashe ta ake yi," in ji Daniyel yana ajiye jaka. "Kira min mutanen gida. Kowa shi zauna wurinshi."

"An fara. Tele na kira ka gyarawa, ba taron suna ba."

"To ka kira Sabo mana, tunda shi ne babban injiniya."

Hafsatu ta yi dariya daga bakin ƙofa, ta shigo ta zauna. Muktari ya zauna bisa kujerarsa yana ƙunƙuni. Daniyel ya dubi wata ƙaramar tabarma da ke naɗe kusa da tele, ta hannun dama.

"Wagga fa, ta wa ce?"

"Ta ɗiyata ce. Ta bar kallo." Muryar Muktari ta sauka. "Ban san mi ke damunta ba, Daniyel. Hannuwanta take nunawa, likita ya ce ba komi."

Daniyel ya ɗauko telekoman daga bisa kabad. Lokacin labarai ya yi, ya kunna. Ya dawo da hoton yadda yake da tokarsa, ya tsaya yana kallo. A kusurwar ƙasa ta dama ga wata mata cikin ɗan akwati, tana fassara labarai da hannu. Sai ya hangi inuwa a taga. Latifa ce, ta leƙo, idonta a kan kusurwar nan. Ya danna maɓallin Sabo. Hoto ya kumbura, ƙasansa ya nutse. Kan matar yana nan, ɗankwalinta yana nan, kafaɗunta na motsi, amma hannuwanta sun fita daga fuskar tele. Inuwar taga ta ɓace.

"Muktari, taho ka gani," in ji Daniyel a hankali. Ya dawo da toka, ya sake korar ta, ya aza yatsa a kusurwar. "Ba hannuwanta ke ciwo ba. Na matar ga ne anka yanke."

Muktari ya ƙura wa kusurwar ido. A duk faɗin gidan, a duk tsawon hutun, wannan matar ce kaɗai ke yi wa ɗiyarsa magana da cikakken harshenta. Shi kuma kullum sai ya tashi ya datse mata baki da yatsansa, don kada maƙwabta su ce an sayar masa da rabi. Hafsatu ta sa gefen zane ta rufe fuska.

"Bar ta da tokar," in ji Muktari. "Wallahi ko duk fuskar ta zama toka, in dai kusurwar ga na nan, bar ta."

"Zauna, ba a kai nan ba. Dekodarka ce ba a gaya ma an yi baƙuwa ba. Har yau tana tsammanin tsohuwar tele ce a gidan, shi ya sa take ɗinka hoto daidai jikin waccan. Sabuwa ta rasa abin cike gefe, ta zuba toka."

Ya cire wayar mai kai uku, ya sa wata mai kai ɗaya daga jakarsa. Ya shiga cikin tsarin dekodar, ya canza girman hoto daga na tsohuwar tele zuwa na mai faɗi, wanda masu aikin ke kira sez-nef. Ya koma kan telen ya kashe kumburin da Sabo ya kunna. Hoto ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ba toka, ba yanka. Matar kusurwa ta fito cif, har gwiwar hannu.

"Tsofaffin finafinai za su zo da tokarsu, haka anka ɗauke su," in ji Daniyel. "In ka gan ta, ka bar ta. Ba cuta ba ce."

Muktari bai tsaya jin ƙarshen bayanin ba. Ya miƙa hannu bisa kabad inda Daniyel ya mayar da telekoman, ya ɗauko shi, ya fita tsakar gida. Latifa na zaune gindin bango. Ya durƙusa gabanta, mutum mai furfura, ya sa mata shi a tafin hannu. Ta dube shi, ta tashi, ta shiga. Hafsatu ta ce ba ta taɓa ganin yarinyar ta shimfiɗa tabarma da sauri irin na ranar ba. Da matar kusurwa ta yi wata alama, Latifa ta juyo ta maimaita wa babanta ita, ta kama yatsunsa ta gyara masa. Ruwan sama ake nufi. Ita ce kalmarsa ta farko, kuma har yau bai daina koyo ba.

Daniyel, kai ne mai tambayar wanda ke kallo kafin ka tambayi abin da ya lalace. Kai ne mai hawa soro da sallama. Mu iyaye, da yawanmu muna tafe da tsoro a kan 'ya'yanmu, muna ta gyara abin da ba shi ne ya ɓaci ba. Kai ka shiga gidan mutum da jakar waya, ka fito ka bar uba da ɗiya suna magana. Mun gode. Allah Ya ba gwiwoyinka sauƙi, Ya saka wa Salama da ta yi haƙurin jiran ka shekara da shekaru.

Ku matasa da za ku gaji tsaninsa, kada ku tsaya ga koyon haɗa waya. Ku je rumfarsa ku koyi tsayawa ku duba ɗaki. Mu ma masu gida, idan yaro ya nuna mana abu sau biyu, mu bi yatsansa da ido kafin mu yanke hukunci.

Kurame ba sa kiran mutum da sunan da aka raɗa masa, sai dai su ba shi nasu na hannu, kuma ba kowa suke ba wa ba. Latifa ta ba Daniyel. Idan ta biyo ta bakin kasuwa ta hango shi zaune a rumfa, takan tsaya ta haɗa tafukanta biyu a ƙirji, sannan ta buɗe su har iyakar tsawon hannunta. Sunansa ke nan. Shi kuma, duk da ciwon gwiwa, sai ya tashi tsaye ya amsa.