Malam Sharhabilu da takalmin da na ɓoye cikin adaka

Shekara ashirin da bakwai, kullum kamin hantsi Malam Sharhabilu ya jingine kekenshi gindin dalbejiyar asibiti nan Talata Mafara, ya buɗe ɗakin gashin ƙashi, ya share shi da hannunshi. Sannan ya bi masu jira bisa benci ɗaya-ɗaya, ya tambayi gida, ya tambayi gona, kamin ya taɓa ƙafar kowa. Yanzu an ce watan gobe zai aje aiki. Ni Baturiya ta Morai ban yi boko ba, faɗi nike ana rubutawa, amma ba ni mance wanda ya yi mini alheri.

Da ƙuruciya, duk Talata da ƙafa muke zuwa kasuwa ni da ƙawata Gimbiya, man gyaɗa bisa kai, muna tafe muna waƙa. Gimbiya ta riga mu gidan gaskiya. Ni kuma shanyewar jiki ta kada ni, na tashi ƙafar hagu na jan ƙasa, ko tabarma sai na yi tuntuɓe da ita, ga ciwo daga idon sawu har kwankwaso. Ɗiyana sunka fara maganar keken guragu. Na san in anka aza ni bisa abin nan ba ni sake sauka.

Da anka kai ni asibiti, Malam ya auna ƙafar, ya kawo wani takalmin roba mai kama ta daga ƙasan gwiwa har tafin sawu, da maɗauri. Ya ce in sa kullum, in riƙa zagaya tsakar gida.

Abu sabo, fari tas, in sa shi cikin turɓaya da kashin awaki? Na naɗe shi da zane, na aje adaka wurin kayan Salla. Ranar asibiti kaɗai nike ɗaura shi.

Wata biyu ƙafa na nan yadda take. Rannan a asibiti Malam ya kwance takalmin, ya juya shi, ya shinshina.

"Inna, wanga takalmi turaren wuta shike yi."

"Tsabta ce, ɗan nan."

"Tsabta ko ajiya? Lefe na kawo miki?"

Matan benci sunka kwashe da dariya. Na ce, "Wa ya koya maka shinshinar kayan tsofaffi, mara kunya?"

Ranar Juma'a sai ga shi da kekenshi har Morai. Ya ɗebi ƙasar tsakar gidana, ya goge takalmin da ita gaban surukaina, ya ce, "To, ya lalace, Inna. Sai sawa." Ya nuna mini yadda zan kwance shi in zan yi alwala, da yadda zan dafa turmi in tashi in zauna sau goma.

Ba ni kaɗai ba ce. Bappa na Kaya ya koma noman rani, Amatullah ta Bakura ta koma ɗaukar goyonta. Ku tambaye su.

Kai ne ba ka raina wautar tsohuwa ba, Malam. Kai ne ka gane da hanci abin da na ɓoye da baki. Na gode, Allah shi saka maka, shi jiƙan mahaifanka. Ku da za ku hau kujeratai, ku koyi zuwa gidajen mutane, ba jiran benci kaɗai ba.

Talatar da ta wuce na sauka mota, na taka da ƙafata har rumfar 'yan mai, inda muke zama da Gimbiya. Takalmin ya yi baƙi ƙirin, an sake mishi maɗauri sau biyu. In ka zo Morai, Malam, ka shinshina shi.