Takardar Ireland a Hannun Inna

Maigidana likita ne, amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne tsofaffin takardun kuɗin Ireland, waɗanda aka daina kashewa tun zuwan yuro. Manyan kawai yake tarawa. Akwai wata ta fam ɗari mai hoton mace ta yi tagumi, wadda ya daɗe yana farauta kafin ya same ta a wani gwanjo kusa da unguwar Aldwych. Ba a taɓa lanƙwasa ta ba, kuma darajarta ke nan. Ya sha gaya mini ninki ɗaya ya isa ya karya mata farashi. Ni ko hura ta ban isa in yi ba.

Da Inna, mahaifiyata, ta zo daga Kano ta sauka gidanmu na Stratford, sai ɗoki ya ɗebe shi ya ɗauko takardar a cikin ledar da yake adana ta, ya nuna mata. Ta ce ƙyallin ledar ya hana ta gani. Mutumin nan, don tsabar kunyar suruka, ya zare takardar, ya durƙusa, ya miƙa mata da hannu biyu.

To a wurinmu, wa ke durƙusawa ya miƙa wa surukarsa kuɗi don ta kalla?

Inna ta ce, "Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi." Ta jawo bakin zanenta, inda take ƙulle kuɗi tun ina yarinya. Na ga ta haɗa gefe da gefe, takardar ta fara rusunawa. Na dubi maigidan, ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa. Na san ko gidan za ta ninke ba zai buɗe baki ba. Babban yatsanta ya sauko zai danne.

Na ce, "Inna, nuna miki ya yi."

Ta tsaya. Ta dube ni, ta dube shi. A hankali ta ɗora takardar a kan kujera, ba a hannunsa ba, ta ce lokacin la'asar ya yi. Takardar ta tsira, ni kuwa na ji kamar in nutse.

Ranar komawarta, a filin jirgi, ya durƙusa ya miƙa mata guzuri a ambulan. Ba ta karɓa ba. Ni ta juyo ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa:

"Wannan ma na kallo ne?"