Rajistar Firjin Bungudu

Shekara ashirin da biyu ina gyaran firji kafin in iya karanta sunan gas ɗin da nake ɗurawa. Da launin tukunya nake gane shi. Karatun allo na yi shi a gidanmu a Tsafe, amma boko sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, a kan bencin 'yan firamare da gwiwata ba ta shiga ƙarƙashinsa. Ban yi saurin ganewa ba, amma ban taɓa fashi ba.

A lokacin ina yi wa wani Alhaji aiki. Yana da shagon maganin dabbobi a Sabon Gari, Gusau, da reshe ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu. Kowane shago da firjinsa mai aiki da sola, cike da allurar rigakafin shanu. Ita wannan allura in ta sha zafi mutuwa take yi, kuma ba ta canja launi ba ta wari. Ka ɗauki kwalbar kamar lafiyayya, alhali ruwa ne kawai. Don haka kowane mai tsaron shago yana da takarda a jikin firji, safe da yamma yana rubuta abin da ma'aunin sanyi ya nuna.

Injiniyan da ya haɗa mana solar sa'ana ne, mutum mai barkwanci da baki kamar reza. Shi ya ɗora wa kowane firji wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, da siririyar waya da ke shiga ciki tana jin sanyi. Ya yi alkawarin rubuta manhajar da za ta riƙa duba sanyin tana aika saƙon tes in firji ya ɗumama, amma aiki ya yi masa yawa, akwatunan suka zauna suna shan ƙura. Wata rana ya same ni ina haɗa baƙaƙen da ke jikin kwali da yatsa, sai ya ce tunda na iya bin waya daga fulogi har kwamfireson firji ban ɓata ba, zan iya bin manhaja. Ya ba ni tsohuwar laftof da batirinta ya mutu. Na ɗauka ba'a ce irin tasa.

Shekara biyu na yi a kanta. Duk layin da ya nuna mini sai na kwafe shi da biro a littafin rubutu, na rubuta ma'anarsa da Hausa a ƙasa. Turancina bai kai na hira ba har yau, amma kalmomin manhaja ba su da yawa, kuma ba sa yi wa mutum dariya in ya maimaita tambaya.

Na je na ce wa Alhaji zan iya rubuta manhajar. Ya ce ya yarda, amma ranar da abin ya ba shi kunya, in koma kan gas da sifana, kada in ƙara taɓa masa kwamfuta. Na amince. A duk rayuwata wannan ne aiki na farko da zan yi da rubutu, kuma na san ba za a ba ni na biyu ba.

A Tsafe na fara gwadawa. Na jona laftof da akwatin, na tayar da manhajar, lambobi suka fara sauka a baƙin allo. Na rufe laftof, na hau babur zuwa Gusau ina jin kaina kamar wanda ya sauke Alƙur'ani. Washegari na dawo na tarar ta mutu tun minti ɗin da na zare waya. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ka ɗaure akuya a ƙafarka, ka hau babur, kana mamakin mi ya kashe ta?"

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Manhajar da ka tayar daga baƙin allo a ɗaure take da allon, ka rufe shi ta bi shi. Dabarar ita ce ta haifi kwafin kanta, uwar ta fita nan take, 'yar ta yanke igiyar da ta haɗa ta da allon, sannan ita ma ta sake haihuwa ta fita, don kada wani allo ya ƙara kama ta. Wadda ta rage sai ta rufe ƙofofinta uku: ta saurare, ta magana, da ta kuka in abu ya ɓaci. Ta rubuta lambarta a wani ɗan fayil don mai nemanta ya san inda take. Ya ce yanzu akwai hanyoyin da na'ura ke yi wa mutum duk wannan, amma yana so in yi da hannuna ko sau ɗaya. Sati uku na yi kafin ta tsaya da ƙafarta. Ranar da na zare waya, na je na ci tuwo na dawo na same ta da rai, ban gaya wa kowa irin daɗin da na ji ba.

Tunda ba ta da allo, rajista ce kaɗai bakinta. Duk abin da ta gani sai ta rubuta a fayil, layi ɗaya duk minti. Na rubuta layukan da Hausa don ni ne mai karantawa: ƙarfe kaza, sanyi huɗu, lafiya lau. Kowace safiya tana buɗe sabon fayil, kuma na sa ta fara shi da Bismillahi, cikakkiya, kamar yadda nake fara kowane shafi a littafina. Ban yi shawara da kowa a kan wannan ba, don ban ga abin shawara a ciki ba.

Injiniya ya duba aikin ya ce saura abu ɗaya. Katin memorin da ke cikin akwatunan ƙarami ne, tsoho. Dole in ƙara layin da zai sa in rajista ta kai wani girma, manhajar ta goge fayil mafi tsufa. Na rubuta layin a gabansa. Da ya tafi na zauna ina kallon layin.

Mu a gidanmu ba a taka rubutu. Mahaifina in ya ga takarda a ƙasa, ko ta ƙunshin ƙosai ce, sai ya duƙa ya ɗauka ya soke ta a tsagar bango, wai ba ka san abin da ke ciki ba. Mai sunan Allah kuwa sai dai a wanke a sha, ko a ƙona a binne tokar. Ni kuma ga ni zan umarci na'ura ta riƙa shafe Bismillahi ita kaɗai, ba alwala, ba wanda ya gani. Bayan azahar na tambayi limamin masallacinmu. Ya ce a ganinsa rubutun na'ura ba kamar na takarda ba ne, amma bai karanta komai a kai ba, in akwai halin bari, bari ya fi. Da na cire Bismillahin daga fayil da an huta, amma wannan ma ya yi mini nauyi. Na yi lissafi a littafina sau uku, ya nuna katin zai ɗauki shekara shida kafin ya cika. Sai na sa wa layin alamar da ke hana shi aiki, na ce kafin shekara shida na sayi manyan katuna. Ban gaya wa Injiniya ba, don na san abin da zai ce.

Kusan shekara biyu abin yana tafiya. Sau huɗu saƙo ya ceci allura, har da ranar da mai tsaron shagon Tsafe ya bar ƙofar firji a buɗe ya tafi jana'iza Kucheri. Alhaji ya ji daɗi har ya sa aka cire takardun jikin firji, wai ɓata biro ne. Da mai ya yi tsada kuma ya ce in daina zagayen da nake yi duk wata, tunda akwati yana magana da kansa. Ban yi musu ba. Ni ma na fara ɗaukar shiru a matsayin lafiya.

Da damina ta yi nisa ciwon huhu ya shiga shanu a yankin Bungudu. Aka fara cewa garken da aka yi wa rigakafi da allurarmu suna faɗuwa, na waɗanda suka saya a wani wuri suna tsaye. Alhaji ya ce mai tsaron shagon ne, dama ya daɗe yana zarginsa da kashe firji don ya yi cajin wayoyin mutane. Ya tura ni in dubo rajista in kawo masa shaida.

Na tarar da fitilar akwatin tana ci. Na jona laftof, na nemi manhajar da lambarta, babu ta. Katin ya cika maƙil. Ɓera ya ɗan ci wayar ma'aunin tun cikin bazara, tana haɗuwa tana rabuwa. Ni kuma na rubuta cewa in ba ta ji ma'auni ba, ta rubuta a rajista ta sake gwadawa, ban sa mata ta jira ko daƙiƙa ɗaya ba. Sai ta riƙa zuba layi ɗaya, "ban ji ma'auni ba", ba ƙaƙƙautawa. Wurin da na ƙiyasta wa shekaru ta cinye shi a kwana tara. Da ta zo rubutu ba wuri, ta faɗi, ƙofar kukanta kuma ni na rufe da hannuna. Bayan haka batirin solar ya raunana. Firji yana mutuwa in rana ta faɗi, ya tashi da hantsi, kafin a buɗe shago kwalabe sun sake yin sanyi. Da layin gogewar nan yana aiki, da ta goge tsofaffin fayiloli ta ci gaba da rayuwa, kuma ko sau ɗaya wayar ta haɗu a cikin zafin nan da saƙo ya fita.

Mai tsaron shagon yana tsaye a kaina yana tambaya ko an ga wani abu. Yana da 'ya'ya bakwai. Na ce masa ba laifinsa ba ne, na naɗe wayar laftof ɗina.

Tsakanin Bungudu da Gusau ba nisa, amma na tsaya sau biyu a gefen titi. Babu mai iya karanta rajistar nan sai ni da Injiniya, shi kuma yana Kaduna wajen wani aiki. In na ce batir ne kawai, ban yi ƙarya duka ba.

Na iske shagon Gusau da baƙo. Wani dattijon Ardo ne zaune a kan buhun dusa, ya ɗaure kwalaben allurar da ya yi amfani da su a leda ya ajiye a gabansa. Shanu goma sha ɗaya ya rasa, nasa da na ƙannensa. Alhaji yana ba shi haƙuri yana cewa yau ɗin nan zai kori yaron shagon Bungudu. Da ya gan ni ya ce in faɗi abin da na gano a gaban Ardo, don ya san ba a ɓoye masa komai.

Na faɗa. Na faɗi ɓera da batir, na faɗi jiran da ban sa ba, sannan na faɗi layin da na kashe da dalilin da ya sa na kashe shi. Alhaji ya cire hularsa ya ajiye a kan kantar shagon.

"Kun ji ko? Ni na jawo wa kaina. Na ɗauki ɗan yaƙi da jahilci na ba shi aikin masu digiri."

Bai ambaci takardun da ya cire ba, bai ambaci zagayen da ya hana ba. Ni ma ban ambata ba. Ardo bai kalle shi ba, ni yake kallo. Ya tambaye ni ko da gaske ni na rubuta abin da ke cikin akwatin, na ce ni ne. Ya tambaya ko don sunan Allah na ƙi gogewa, na ce eh, Baba. Ya jinjina kai.

"Ni ma da Bismillahi nike sakin shanu kullum," ya ce. "Amma ina bin su."

Ya ɗauki ledarsa da sandarsa. Alhaji ya bi shi waje suna magana ƙasa-ƙasa, ban san yadda suka ƙare ba.

A satin aka kwance akwatunan uku aka zuba a kwali, aka mayar da takardu jikin firji. Mai tsaron shagon Bungudu ya tsira da aikinsa. Ni na koma kan gas da sifana kamar yadda muka yi alkawari, kuma har yau ni ke gyara wa Alhaji firji, don ba shi da mai yi masa da sauƙi kamar ni. In na shiga shagon, yaransa sukan ce ga Furofesa ya iso.

Gyaran manhajar bai ɗauke ni yini ɗaya ba. Na sa mata jira, na raya layin gogewa, na sa ta fara aika saƙo kafin ta rubuta, na kuma sa ta riƙa aiko da gaisuwa kowace safiya don in an ji shiru a san ta mutu. Bismillahin na mayar da ita cikin manhajar kanta, a layin farko, inda ba a gogewa. Na kai wa Alhaji ya ce in bar masa shago. Da Injiniya ya dawo ya zage ni son ransa, sannan ya kwafi gyararren a filashi ya ce zai duba.

Bara aka kira ni gyaran firji a wani kemis da ke hanyar asibiti. A samansa na ga ɗan akwati da siririyar waya. Mai kemis ɗin ya nuna mini saƙon da ke shigo masa kowace safiya, an mayar da shi Turanci, amma a minti ɗin da na zaɓa yake zuwa, bakwai da minti bakwai. Ya ce wani injiniya ne ya kawo fasahar daga Kaduna, kuma in yi hankali kada in taɓa, ba aikin irinmu ba ne. Na ce to. Na ɗura gas, na nuna masa inda zai sa katako don kada firjin ya jingina da bango, na ɗauki jakata.