Rabin Askin Sannu-Sannu

Duk wanda ya saba bin layin bayan tashar bas ya san shagon askin nan mai kujeru biyu da dogon madubi guda, ya kuma san Sannu-Sannu, mai kujerar bakin ƙofa. Tun yana koyon sana'a aka laƙaba masa sunan, don shi idan ya kama kan mutum kamar gida yake ginawa. Sai ka zauna da hantsi, ka yi gyangyaɗi, ka farka, ka tarar har yanzu ana wajen kunnen dama. Amma in ya gama, ko maƙiyinka ya duba ƙeyarka ba zai sami abin faɗa ba.

Kujerar bakin taga ta Dogo ce. Shi kuwa kafin ka gama gyara zama ya kakkaɓe maka wuya ya ce na gaba. Wajen ubangida ɗaya suka koyi aski, wani tsoho mai faɗan tsiya wanda bai bar musu gadon komai ba sai almakashi biyu da doka biyu. Ta farko, mai aski ba ya barin kai a rabi, ko da shagon ne ke cin wuta. Ta biyu, mai aski ba ya kai kansa shagon wani, don ranar da aka gan shi a can ya gama yi wa kishiyar sana'arsa talla. Saboda haka kowace Litinin da safe, lokacin da ciniki ke kwance, Dogo ya aske Sannu-Sannu, Sannu-Sannu ya aske Dogo. Haka suka yi tun gashinsu na baƙi har furfura ta fara leƙowa.

Ƙanwar Dogo ce ke kawo abincin rana shagon tun tana budurwa. Sannu-Sannu ya shekara yana karɓar kwano da hannu biyu yana cewa an gode, bai ƙara ko kalma ba, har Dogo ya gaji ya ce, "Malam, in sonta kake ka faɗa, kafin yarinya ta tsufa a bakin ƙofa." Aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, suka girma suka watse. Ita dai ba ta fasa aiko abinci ba, a kwano ɗaya, cokali biyu.

Ana nan sai gwamnati ta ce za a yi ƙuri'ar raba gardama: ƙasa ta ci gaba da zama cikin Ƙungiyar kasuwancin nan da ta haɗa ta da maƙwabta, ko ta fita. Kafin wannan lokaci babu wanda ya taɓa kawo zancen Ƙungiya a shagon, sai dai ƙwallo da tsadar haya. Cikin 'yan makonni kowa ya zama gwani. Direban da bai taɓa tsallaka iyaka ba yana yi wa tela bayanin harajin kwastan, tela yana girgiza kai kamar shi ya ɗinka yarjejeniyar.

Sannu-Sannu ɗan Zama ne, kuma dalilinsa bai wuce tafin hannu ba: bakin kilifarsa da reza daga ƙetare suke zuwa, ba ya son abin da zai taɓa su. Dogo ɗan Fita ne, shi ma dalilin nasa ana hango shi daga taga: wasu samari daga maƙwabciyar ƙasa sun buɗe shago a tsallaken titi, da fitilu masu launi da kiɗa, suna kwashe matasan unguwa.

Ranar Litinin aka faɗi sakamako. Sannu-Sannu na zaune a kujerar taga, ƙyalle a wuya, Dogo ya gama gefen hagu ya nufi dama, sai rediyo ta ce 'yan Fita sun yi rinjaye. Dogo ya ɗaga kilifa sama ya ce, "Alhamdulillahi! Yau masu kishin ƙasa sun kayar da masu kishin reza."

Sannu-Sannu ya dube shi ta madubi ya ce, "Ai dama na san tsawon nan naka bai kai ga ƙwaƙwalwa ba."

An sha faɗin abin da ya fi wannan a shagon aka yi dariya. Ran nan babu wanda ya yi. Sannu-Sannu ya kwance ƙyallen da kansa, ya ninke shi a hankali kamar yadda yake komai, ya ajiye, ya ɗauki hularsa ya kifa a kan rabin askin, ya koma kujerarsa. Dogo ya tsaya da kilifa tana kuka a hannunsa. Tun da ya fara sana'a, wannan ne kai na farko da ya bari a rabi.

Daga ranar magana ta mutu tsakaninsu. Shago dai ba a raba ba, don madubin ɗaya ne kuma a manne yake da bango. Benci ne ya rabu: 'yan Zama gefen ƙofa, 'yan Fita gefen taga, tsakiya kuwa wajen zaman mutum guda babu kowa, sai tsohuwar jarida. In baƙo ya shigo ya zauna a wurin, kowa ya zuba masa ido har sai ya gyara. Idan Dogo na son tsintsiya, sai ya ce wa wanda ke kujerarsa, "Ka tambayi mutanen Ƙungiya ko sun gama da tsintsiyar ƙasa." Sannu-Sannu kuma ya ce wa nasa, "Ka gaya musu tana bayan ƙofa, in ba ta fita ita ma ba." Matarsa ta gwada lallashi, ta gwada fushi, ta gwada kuka, daga ƙarshe ta sayi kwano na biyu.

Maganar kawunansu kuwa, doka ta biyu tana nan. Ba mai zuwa shagon wani, ba mai roƙon ɗan'uwansa. Kowa ya koma aske kansa a gida da ɗan madubin banɗaki. Gaba dai ana iya gyarawa, amma ƙeya sai abin da hannu ya lalubo. Manyan masu askin layin tasha su biyu suka zama ba a taɓa ganinsu ba hula, ko ana zafin da ke narka kwalta.

Ƙasa ta fita. Bakin kilifa ya yi tsada kamar yadda Sannu-Sannu ya ce, sai dai bai ɓace ba. Samarin tsallaken titi ba su tafi ko'ina ba, ɗayansu ma ya auri 'yar mai gidan hayarsu, suka ƙara kujera. Manyan da suka yi ta zagin juna a rediyo suka dunƙule a jam'iyya ɗaya, aka nuno su a talabijin suna rungumar juna suna dariya. Yara suka taso ba su san ma me ake nufi da Ƙungiya ba. A duk faɗin garin, inda ake kiyaye sakamakon ƙuri'ar nan da gaske shi ne kan bencin shagon aski, kuma in ka tambaye ni, su ma ba don sun tuna dalili ba ne, kowa ya saba da gefensa ne kawai.

Sannu-Sannu ne ya fara lura da hannun Dogo. Mutumin da kuka yi shekaru kuna aiki gaban madubi ɗaya ba ya iya ɓoye maka komai. Da fari ɗan karkarwa ce idan ya ɗaga almakashi. Daga baya sai ya ga Dogo na dafe gwiwar hannunsa a jikin kujera kafin ya ja layin goshi. Ya gani, ya kawar da kai, ya ce a ransa ba ruwansa da harkar cikin gidan wata ƙasa. Amma abin ya tsaya masa a rai.

'Yan Fita sun yi ƙoƙari, a ba su wannan. Wata da watanni suna zama a kujerar taga saboda aƙida, suna tashi da kai kamar matattakalar bene, suna cewa sabon yayi ne. Rannan da sassafe sai ga mahauci, jagoran gefen taga, a ƙofar gidan Sannu-Sannu, hula har gira, yana waige-waige. Ya cire ta ya juya ƙeya.

"Don Allah ka rufa mini asiri, ɗaurin auren ƙanena ne gobe. Kada kowa ya ji."

Sannu-Sannu ya duba aikin ya daɗe. Ya ga inda hannun ya nufa da inda ya kauce, ya gane Dogo ya san abin da yake son yi, hannun ne ya ƙi.

"Wannan kan Dogo ne," ya ce. "Ban taɓa sa hannu a aikinsa ba. Ka koma inda ka jefa ƙuri'arka."

Mahauci bai koma ba. Tsallaken titi ya tafi, wajen samarin da ya yi ta rantsuwa sai an kore su, suka gyara shi tsaf har da turare. Sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Suna dai zuwa su zauna a gefensu na benci su yi gardama, kawunansu a gyare, Dogo na tsaye bakin taga yana goge kilifar da ba ta taɓa gashi ba tun safe.

Wata rana da yamma matar Sannu-Sannu ta ajiye masa shayi, ba ta tafi ba.

"Maigida, Yaya zai bar shago. Babban ɗansa zai zo ya ɗauke shi ranar Litinin, can wajensu zai zauna."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"To me zan ce? Ai shi gwanin fita ne."

Ta dube shi irin kallon da take yi wa yara in sun yi ƙarya. "Jiya ya ce mini duk kan da ya fara a duniya ya gama shi, sai guda ɗaya. Bai faɗi na wa ba, ni ma ban tambaya ba." Ta ɗauki farantinta ta shige ciki.

Shayin ya huce a gabansa. Gaskiyar da ya ƙi faɗa wa kowa ita ce kewar Dogo yake, mutumin da yake gani kullum daga safe har magariba. Kuma tsoro ya kama shi, don ya san halin kansa: wanda ya shekara kafin ya ce yana son mace zai iya barin Litinin ta wuce yana shiri.

Litinin ta zo, benci ya cika gefe da gefe, don labari ya zaga. Dogo na naɗe kayan aikinsa cikin tsohon tawul, almakashin ubangidansu a sama. Sannu-Sannu ya sallami wanda ke kujerarsa, ya wanke hannu, ya goge, ya sake gogewa. Sannan ya taka ya wuce tsakiyar shagon, ya zauna a kujerar taga, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Kowa ya miƙa wuya. Mutane suka ga ƙeyar da ba a gani ba shekara da shekaru, wani wuri ƙwal, wani wuri kamar ɓera ya yi kalaci. Tela ya ce, "Subhanallahi," a hankali.

Dogo ya zagayo ya tsaya a bayansa yana kallo.

"Wa ya yi maka wannan ta'asa?"

"Wani ɗan Zama."

"Da gani." Ya rage murya. "Hannuna rawa yake yi."

"Na sani. Madubinmu ɗaya."

"Zan iya yankarka."

"Kun yanke ƙasa guda daga maƙwabtanta ba ka ji komai ba, sai kunnena? Ka ƙarasa aikinka, Yaya. Gefen dama ka tsaya."

Rabonsa da kiran Dogo Yaya tun ranar da ya je neman aure. Dogo ya kwance tawul ɗin, ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna kilifa. Ya ɗora hannun hagu a tsakiyar kan, babban yatsa a bayan kunne, kamar yadda ya saba. Sannu-Sannu ya ji karkarwar tana ratsa ƙoƙon kansa, ya kuma ji daɗin hannun har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce gashi ne ya faɗa masa a ido, duk da ba a kai ga gaban ba.

Dogo mai sauri ya fi sa'a yana abu ɗaya. Ya dafe gwiwar hannu, ya ja, ya tsaya, ya sake. Ya ɗan yanke shi a bayan kunne, ya danna auduga ba tare da ya ce sannu ba. Babu wanda ya tashi daga benci. Da ya gama ya kakkaɓe wuyan, ya ɗaga ƙaramin madubi ta baya.

"Ya yi?"

"Ya karkace hagu."

"Kanka ne a karkace, tun ranar ƙuri'a."

"Kuma har gobe kuskure kuka yi."

"Har gobe daidai muka yi. Tashi, ka cika mini kujera."

Motar ɗan Dogo ta iso da azahar. Sannu-Sannu ya ɗaukar masa tawul ɗin kayan har bakin mota, ya tsaya har ta sha kwana. Ya koma ya rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya rufe shago da wuri, ya bi tsakiyar layin tasha da kai a buɗe, ya wuce ta gaban samarin tsallaken titi suna leƙe.

Matarsa na shanya a tsakar gida ya shigo. Ta dubi layin goshin da ya gangara gefe, ta zagaya ta dubi ƙeya da audugar da ke manne bayan kunne. Ta san hannun yayanta. Ta zauna a bakin baranda da jiƙaƙƙen zane a cinya.

"Ya karkace," ta ce.

"Na sani."

Bai sake sa hula ba sai da gashin ya tofo ya rufe askin.