Tukunyar da Na Samo a Gidan Giya

Shekara huɗu ina dafa zoɓo a kicin ɗina da ke unguwar Highbridge a New York, da tukwane uku da suka yi mini kaɗan. Masu saye duk mutanen masallacinmu ne, kuma kullum sai wasu sun koma hannu rabbana.

A shekarun nan ƙananan kamfanonin giya suka yi ta tsirowa a New York kamar ciyawar damina. Mijina, direban motar kaya, ya zo mini da labarin wani da zai rufe yana sayar da kayansa. Muka je. Mai wurin, wani Bature mai gemu, ya ce a zamanin kakansa kusan kowace unguwa da nata kamfani, manya suka haɗiye su har aka koma ƙirga su da yatsu. Yanzu kuma sun sake yawa har kasuwar ta yi musu kaɗan. Na ji tausayinsa, amma hankalina na kan wata tukunyar ƙarfe da ta kai mini ƙugu. Muka ɗauko ta.

Kafin sati ya zagayo magana ta karaɗe unguwa: wai a tukunyar barasa nake dafa wa Musulmi abin sha. Ranar Juma'a ko kwalba ɗaya ban sayar ba. Har maƙwabciyata, wadda ta saba shan nawa kyauta, ta ce, "Hajiya, najasa fa ba ta jin sabulu." Raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro, don sana'ar ce ke riƙe da ni.

Da ma tun ranar farko na wanke tukunyar, sai dai ba wanda ya gani. Juma'a ta gaba na sa mijina ya sauke ta a bakin masallaci. Ana sallamewa na naɗe hannun riga na hau dirza a idon kowa, na ɗauraye har sau bakwai. Liman, dattijo ɗan Nijar, ya leƙa ciki ya shinshina.

"Tun wankin farko ta tsarkaka," in ji shi. "Sauran shida wahala kawai kika sha."

Aka yi dariya. Washegari na cika ta fal na dafa, sai ga maƙwabciyata a ƙofa da gora biyu. Na ce ta bi layi, akwai mutum tara a gabanta.